Ƙishirwar Lambun Datti

Datti bai taɓa son kuza ba, ko da yake kuza ce ta kawo kakansa Jos. Ubansa ma a rami ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ya fito da tarin da bai sake shi ba har kabari. Shi ya sa tun yana saurayi a Dilimi ya rantse shi dai a bisa ƙasa zai nemi abincinsa. Ya ari fili a bayan Rayfield wurin Dachung, wanda ya gaji gonakin wajen, a bakin wani kududdufi da Turawan kuza suka haƙa suka tafi suka bari. Ya kafa lambun kabeji da karas da latas, takin kaji kawai yake zuba musu. A nan gashin kansa ya yi fari.

Shekara da shekaru 'yan sari ke zuwa su kwashe kayan a wulaƙance su nufi Abuja. Matan Dilimi sai dai su hango kabejin a bayan mota. Abin yana ci masa rai, amma Datti gwanin ƙunƙuni ne, ba gwanin motsi ba. Wadda ta motsa ita ce Immaculata, mai shagon kayan miya a Anguwan Rukuba, mace mai murya kamar lasifikar tasha. Ta tara matan cocinsu, Kubra matar Datti ta tara na unguwarsu, suka tsayar da magana: duk Laraba za su zo lambun da ƙafarsu, su saya a hannunsa, su raba a gindin mangwaro, ba dillali a tsakani. Wanda ya san Jos ya san ba ƙaramin abu ba ne matan unguwannin nan biyu su tsuguna kan buhu ɗaya suna faɗa a kan wa ta sami babban karas. Yaran da ba su san ɗanyen ganye ba sai a biki suka fara ci a gida. Datti yana fama da mita wai suna tattake masa kunya, amma ranar Laraba kaɗai yake sa sabuwar hula.

Sai kuza ta sake yin daraja. Samari suka buɗe loto, wato ramin nan mai kama da rijiya, a gonar da ke maƙwabtaka da lambun. Datti ya kai ƙara wurin Dachung.

"Malam Datti, ba filina ba ne, na ƙanena ne," in ji Dachung, yana kallon gefe. "Ni ma ba na barci a kan wannan abu."

Datti ya san halin loto. Bakinsa a gonar wani yake, amma in an kai ƙasa, gefe ake bi duk inda jijiyar kuza ta nufa, kuma jijiya ba ta san iyakar gona ba.

A ƙarshen rani ya lura lambun ya koyi wata irin ƙishirwa. Zai tayar da injin ban ruwa, ruwa ya cika kwari, kafin ya juya ya shanye ƙurmus. Wata tsaga siririya ta ratsa layin kabeji. Ran nan da hantsi ya kashe injin, ya tsaya shiru, sai ya ji abu a tafin ƙafarsa: dum, dum, dum. Diga ce, a ƙarƙashinsa. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro yana jiran ubansa ya dawo.

Ya nufi bakin ramin a fusace. Mai jan igiya ya riga shi magana.

"Baba, gara da ka zo. Don Allah ka rage ban ruwan nan. Yana ɗigo mana a ƙasa, rufin ya fara laushi."

"Ni zan rage? Ku da kuka shigo min ta ƙarƙashi kamar gafiya?"

Bai ƙarasa faɗan ba. Takalman waɗanda suka sauka suna jere a bakin ramin, kuma a cikinsu akwai wasu masu ɗinkin jan zare a maɗauri. Shi ya ɗinke su da hannunsa. Na Zainulabideen ne, babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda tun da mai keken hayar da yake ja ya karɓe abinsa yake cewa aikin gini yake zuwa a Rayfield.

Da ɗan ya fito daga ramin, uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya yi rantsuwa. Zainulabideen ya sunkuyar da kai.

"Baba, lambun ba zai riƙe gida biyu ba, kai ma ka sani. Ka bar ni zuwa damina."

Washegari takalman suna nan a bakin rami. Datti bai tayar da inji ba.

Larabar da ta biyo, ya tare matan a bakin hanya da kwanduna, ya hana kowa taka lambun. Immaculata ta ɗaga latas ɗin da ya yi yaushi.

"Baba Datti, wannan ya kwanta fa. Inji ya lalace ne? Ka faɗa, mu mata za mu gyara shi."

"Injin lafiyarsa ƙalau, Maman Adaku."

"To, mene ne? Sati mai zuwa yara za su ci me?"

Ya dubi Kubra, wadda har yanzu ta ɗauka ɗanta bulo yake ɗauka, sai ya juya ya ci gaba da miƙa musu kwanduna. Matan suka raba ɗan abin da ya samu ba hayaniya, suka watse da wuri.

Ya koma cikin kabejin da ke mutuwa, ya cire takalmi ya tsaya. Dum, dum. Yanzu ƙarar nan ita ce kwanciyar hankalinsa, shirunta yake tsoro. Iska mai sanyi ta kaɗa ganyen mangwaro, ya ɗaga kai. Can bisa duwatsun Shere hadarin farko na shekara yana haɗuwa, baƙi wuluk. Duk rayuwarsa, in ya ga hadarin nan hamdala yake yi. Inji dai ana iya kashe shi, ya kuma kashe; ruwan sama kuwa ba mai kashe shi. Ɗigon farko ya faɗo masa a bayan hannu, digar tana ta bugawa a ƙarƙashin ƙafarsa.