Ruwan da Iro Ya Jira

Majami'ar Baftis ta garinsu Iro, can gabas da Buza, ɗaki guda ce ta dutse da laka, kuma Iro magini ne ya ɗora ta. 'Yan kasuwa baƙi suka fara taruwa a ciki. Baƙin suka tafi, aka bar 'yan gari da ba su cika tabarma uku ba, Iro yana cikinsu.

Sai dai bai taɓa yin baftisma ba. Uwarsa ta roƙe shi kada ya shiga ruwan nan tana raye, ya ɗauki alkawari. Ita kuwa tsohuwa ta yi zamanta, ta ƙi gaggawa, har furfura ta cinye kan ɗanta. Ana raba jibin Ubangiji, wanda sai mai baftisma ke ci, kwano ya wuce ta gabansa, ya sunkuyar da kai. Abin yana ci masa rai, bai taɓa faɗa ba.

Ta rasu da rani. A lokacin tari ya riga ya kama Iro, ya rame sai idanu. 'Yan Baftis kuwa ba su san yayyafi ba, sai an nutsar da mutum gaba ɗaya, shi ya sa suke jiran damina ta cika tabki. Tabkin ya ƙafe har ya tsage. Fasto Auwalu ya ce a yi haƙuri har ruwa ya sauka, amma Iro ya san ba zai ga shuka ba, tsoro ya kama shi.

Ran Lahadi da hantsi sai ga wansa Alhassan, ladanin unguwa, wanda tun da aka gina majami'ar bai taɓa taka ƙofarta ba. Ya koro amalanken jaki da tano biyu, manyan ganguna cike da ruwa, ga komin shayar da shanu ɗaure a sama. Matansa ne suka wuni a bakin rijiya jiya suna jan ruwan.

Iro ya ce, “Yaya, mi za a ce maka a masallaci?”

“Wanga ba ruwanka. Ka cika ma Inna alkawali, na gani.”

Bai shiga ba. Ya sauke komin a bakin katanga, ya sa hannu a tano ya ji ruwan, ya ɓata fuska. Ya dubi fasto.

“Ku bar shi ga rana tukuna ya yi ɗumi. Ƙirjinai ba shi son sanyi.”