Baba Mai Tabarau da Madubin Taurari

Da hantsi Baba Mai Tabarau yake buɗe shagonsa, ya yi ta gyara wa mutane tabarau har la'asar. Daga nan sai ya shige bayan shago, ya duƙufa kan wani faffaɗan gilashi da ya ɗora a bisa ganga, yana guga yana zagayawa. Shekara goma sha ɗaya yana haka, don ya ƙera madubin hangen nesa da zai jawo wata da taurari kusa.

A shekara ta shida gilashin farko ya tsage. Mai waldan da ya haɗa masa ƙafafun na'urar yana wurin. Ya ce Baba ya zauna a ƙasa, sannan ya ce, "Miƙo mini tsintsiya." Mako bai zagayo ba ya soma wani.

Maƙwabta kuwa sai zolaya: "Baba, in ka hango hadari ka gaya mana mu kwashe shanya!" Mai ɗakinsa ce kaɗai ba ta dariya. "Malam, tarin nan naka ba na lafiya ba ne." Ashe ƙurar gilashi ta zauna masa a ƙirji. Sannan gani ya fara ja baya. Da aka je asibiti, likita ya ce an makara.

Ranar da aka kafa na'urar, tsayinta ya kai na mutum biyu, unguwa ta yi layi bayan faɗuwar rana. Baba ya kanga ido, ya jima, ya ja da baya.

"Hazo kawai nake gani."

Autarsa ta maƙala kyamara a jikin na'urar ta ɗauki hoton wata. Ta ce, "Baba, ga ramuka nan, har da inuwarsu."

"Bakinsu ya fito sarai, ko dishi-dishi?"

"Sarai."

"To, ban ɓata gugar ba."

Yau shagon a rufe yake. Baba yana zaune kan benci, numfashi da ƙyar, ɗalibai suna zuwa suna leƙa na'urar suna ba shi labarin abin da suka gani. Baba, kai ne ka ƙarar da idonka don mu gani, gwanin da bai ga aikinsa ba. Mun yi maka dariya, ka yafe mana. Mun gode, Allah ya ba ka sauƙi.

Ku masu ido, ku je ya koya muku gugar nan tun yana iya magana.