Ruwan Kogi a Injin Alhaji

Shekara da shekaru mijina yana tuƙa wa wani Alhaji, dillalin busasshen kifi, tsakanin Guri da Haɗejia, ko kaza bai taɓa takewa ba. Sai Alhaji ya sayar da tsohuwar motarsa mai kafireta, ya sayo 'yar Kwatano mai ba kanta giya. Daga nan muka shiga uku.

Rannan a bakin kasuwa, ƙafar mijina ba ta ma kan totur, motar ta yi gurnani ta zabura, ta kifar da kaskon wata mai ƙosai, saura ƙiris ta bi ta kan matar. Da la'asar Alhaji ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce direbansa ƙwaya yake sha. Innalillahi! Mutumin da ko goro ba ya ci! Aka karɓe makulli. Mijina ya koma gida ya zauna, fita sallah ma sai ya sunkuyar da kai.

Sabon direban da aka ɗauka, shi ma ta zabura da shi a kan gada. Sannan ne aka kai ta wurin wani bakanike da ya yi koyo a Kano, shi kuwa ya ce a kira masa tsohon direban. Na yafa mayafi na bi mijina, raina na tafasa.

"Malam, yaushe ta fi yi maka haka?" in ji bakaniken.

Mijina ya ce, "In an wanke ta."

Bakaniken ya ɗaga bonet, ya nuna wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana a gefen totur na cikin inji. Ya ce shi ke gaya wa inji yawan wutar da ƙafa ta ba shi. Ya maƙala masa mita, ya riƙa buɗe totur a hankali. Maimakon allurar ta hau sannu-sannu, sai ta dinga tsalle. Ya kwance abin ya girgiza, wallahi ruwa ne da laka suka ɗigo a tafinsa.

"Wa ke wanke injin nan?"

Alhaji, da ke tsaye a gefe, ya yi tsuru-tsuru. "Ni nake sawa. Duk Juma'a a bakin kogi, a ɗaga bonet a sheƙa bokiti-bokiti, saboda ƙarnin kifi. Ai haka muke yi wa tsohuwar."

Na riƙe baki. Ashe wannan ce ƙwayar!

Alhaji ya miƙo makulli yana 'yar dariya. Mijina ya mayar da hannuwansa baya.

"Alhaji, a ƙofar masallaci ka faɗa. Can za ka je ka warware."

Har mijina ya bar duniya Alhaji bai je ba. Ranar da aka ɗauki gawar mijina, da kunnena na ji wani a zaure yana tambaya, "Wane ne ya rasu? Direban nan mai ƙwaya?"