Ranar da Tsoho Zai Haɗa Direbobinsa

Tsohon nan mai gyaran agogo ne, kuma duk abin da ya shigo hannunsa sai ya ga hanjinsa. Da idonsa ya fara gajiya da ƙananan kusoshi, sai ya koma kwance lambobi. Wani malamin makaranta da ya kawo gyara ne ya nuna masa: a yi ta raba lamba har a iske waɗanda ba sa rabuwa, irin su biyu, uku da biyar. Tsoho ya sa musu suna 'yan taurin kai. Tun daga nan bayan ƙofar shagonsa bai sake hutawa da alli ba. Ko lambar gidanka ka faɗa, kafin ka rufe baki ya farke ta.

'Ya'yansa maza biyu direbobin manyan motoci ne. Bayan rasuwar uwarsu suka fita safiya guda, gidan ya yi masa faɗi. Babban yana dawowa duk kwana goma sha biyu, ƙaramin duk sha takwas, kowa ya kwana ɗaya ya wuce. Shi kuwa so yake ya gan su tare.

Ya ɗauki alli. Sha biyu: biyu, biyu, uku. Sha takwas: biyu, uku, uku. Ya tsinci abin da suka yi tarayya a kai, biyu sau uku, ya samu shida. Nan da nan ya sa 'yarsa, wadda ta rage tare da shi a gida, ta share ɗaki ta dafa kaza.

"Baba," in ji ta, "Yaya ma sai ya yi sha biyu yake dawowa. Wa zai zo ranar shida?"

Kunya ta kama tsoho, amma bai hana kansa cin kazar ba.

Da safe ya koma bayan ƙofa ya gano inda ya kauce. Shida ita ce babbar lambar da ke raba sha biyu da sha takwas duka, ta yi daidai da mai son yanka katako gida-gida tsawo ɗaya ba saura. Shi ranar haɗuwa yake nema, dole kowane ɗan taurin kai ya shigo da mafi yawansa: biyu sau biyu, uku sau uku. Huɗu sau tara, talatin da shida. Ya fito titi da alli a gemu yana gaya wa mai shayi, mai facin taya, har da wanda bai tambaya ba.

Rana ta talatin da shida kuwa tun hantsi yake bakin titi. Motar babban ta tsaya. Bai gama rungumarsa ba ya ji hon ɗin ƙaramin, ya ruga da takalmi ƙafa ɗaya.

Kafin a sauke tukunya gajiya ta kwashe su, suka yi barci a kan tabarma ɗaya, kan ƙaramin a kafaɗar yayansa. 'Yar ta zo za ta tashe su.

"Bar su," in ji tsoho a hankali. "Ba magana nake so ba. Jawo min kujera nan."