Malam Shitu Mai Ɗinkin Buhu, Wanda Ya Ƙi Kwanciyar Hagu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2006, Allah Ya karɓi ran Malam Shitu Fammar, mai ɗinkin bakin buhu a injin casar shinkafa na ƙungiyarmu ta manoma, a kan hanyar Rano zuwa Kibiya. Ya rasu a ɗakinsa, a kan shimfiɗarsa, a gaban iyalinsa. Da gangan na faɗi wurin, domin shi ne abin da ya roƙi Allah, kuma saura kaɗan ya rasa shi.

Ni ne mai kula da sito a injin. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wata ƙungiyar agaji ta zo Rano ta raba ƙasidu a kan taimakon gaggawa a wurin aiki. Wasu suka yi fifita da nasu, wasu suka kai wa mai ƙosai. Ni na karanta tawa, kuma tun daga ranar ban ƙara kallon injinmu da kwanciyar hankali ba. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tausayin mutanenmu. A wurinmu idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, nan take za a kewaye shi a tare masa iska, wani ya kwara masa bokiti, wani ya tallafo kansa ya ɗura masa ruwa a baki, wani ya ruga neman albasa. Ƙasidar kuwa ta ce wanda ya suma ba ya haɗiya, ruwan sai ya wuce huhunsa. Na yi nazari, na ga cewa duk wanda ya faɗi a cikinmu, masoyansa ne za su ƙarasa shi.

Shugaban ƙungiya ya yarda mu riƙa yin gwaji ranar Asabar bayan La'asar. Sai aka rasa wanda zai kwanta. Ƙasidar ta ce a kwantar da sumamme a gefe ɗaya, a lanƙwasa masa gwiwa, a ɗaga haɓarsa. Alu, mai tayar da injin, ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Malam Munzali, wannan ai kwanciyar kabari ce. Ina da ƙananan yara, ba zan yi wa kaina mugun fata ba." Kowa ya ja da baya.

Kai ne, Malam Shitu, ka soke basillarka a jikin buhu, ka kakkaɓe riga, ka ce, "In dai kwanciya ce a lokacin aiki, kuma da izinin shugaba, ga ni."

Ban taɓa ganin mai suma cikin tsari irinka ba. Sai ka cire hula ka ajiye inda ƙura ba ta kaiwa, ka tofar da goro, ka zaɓi wuri mai inuwa da taushin ƙaiƙayi, sa'an nan ka yi salati ka zube. Ranar farko ka yi abin da kyau har Alu ya manta gwaji ake yi, ya suri bokiti ya sheƙa maka. Ka buɗe ido ɗaya ka ce, "Alu, da wannan ruwan ka wanke injin, ko?" Daga nan kullum Asabar da rigar canji kake zuwa, kuma ta daɗe tana yi maka amfani, domin hannun Alu ya fi kunnensa sauri.

Wata rana barci na gaske ya kwashe ka. Na yi amfani da minsharinka na nuna wa jama'a yadda ake gane mai numfashi. Da muka kai shafin hura wa mutum iska baki da baki kuwa, sai ka tashi zaune daga cikin suman ka ce, "Wannan shafin, Malam, a yi wa buhu." Muka sa wa buhun shinkafa hularka, muka yi ta danna masa ƙirji, kai kuma kana gefe kana yi masa sannu.

Saɓani ɗaya ne tsakanina da kai, kuma mun shafe shekaru a kansa. Mutumin da ke cikin hoton ƙasidar a kan hagunsa yake kwance. Kai kuma ka ce Musulmi a kan damansa yake kwanciya, fuska a alƙibla, ko da wani abu zai faru a tsakiyar gwajin. Na nuna maka hoton, ka ce ba ka san addinin mutumin ba. Na kwana ina tunani, na zo maka da sulhu: a juya kanka arewa, ka kwanta a hagu, fuskarka dai tana gabas. Ka ce, "Malam, ko ina ka juya ni, hagu hagu ce." Saboda haka kowace Asabar mu mirgina ka hagu, da na juya ina yi wa jama'a bayani, sai sumamme ya mirgina kansa dama.

Alherinka bai tsaya nan ba. Kai ka ɗinka mana jakar da muke ajiye auduga da bandeji da aidin. Kai ka haɗa buhuna da gora biyu ka yi mana abin ɗaukar marar lafiya, da aka ce ya yi kama da makara, kai ka fara hawa. Matan da ke kawo shinkafa a yagaggen buhu sun san ba sa komawa da shi a yage. Kuma lokacin da ake kirana Likitan Ƙasida a bayan idona, kai kaɗai kake kirana haka a gabana, shi ya sa sunan ya daina yi mini ciwo.

Wata Asabar bayan an watse, kana matse rigarka, ka ce mini, "Ka san abin da ya sa nake kwanta maka? Mahaifina a gona ya faɗi. Aka ɗura masa ruwa, ya shaƙe, ya tafi ba wanda ya ji kalmarsa ta ƙarshe. Ni roƙona kada in mutu a kan buhun wani. A ɗakina, matata Ramlatu tana kusa." Daga ranar na fahimci cewa a cikinmu duka, har da ni, kai ne ba ka ɗauki gwajin nan wasa ba.

A farkon kakar bana na shiga Rano sayo aidin, domin na lura namu ya canja launi. Ina can ka faɗi a bakin aikinka. Alu ya ce da ya ga hularka tana kanka, goro yana bakinka, kuma a rana ka faɗi, sai ya san ba gwaji ba ne. Ƙafarsa ta kai shi wurin bokiti, ya ɗauka, ya tsaya, ya ajiye. Ya kori jama'a baya, ya zaro goron da yatsa, suka kwantar da kai a gefe, suka ɗaga haɓarka. Ka yi amai, ya zuba ƙasa maimakon ya koma maka ciki. Suka ɗauke ka a kan buhunan da ka ɗinka, suka tare mota.

A asibiti na same su. Tambayar farko da ta fito daga bakina, Allah Ya yafe mini, ita ce, "A wane ɓangare kuka kwantar da shi?"

Alu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, mun rasa wanda za mu bi, kai ko shi. Sai muka ga jikin nasa ne."

Ma'aikaciyar jinya ta ce hawan jini ne ya shanye maka ɓarin jiki, kuma kwanciyar nan ce ta kawo ka da numfashi. Na tambaye ta a hankali ko da an bi hagu da ya fi. Ta ce kowanne ya yi. Na roƙe ta kada maganar ta kai kunnenka, amma ashe idonka biyu. Da rabin bakin da ya rage maka ka yi mini murmushin da har yanzu ban san amsarsa ba.

Aka mayar da kai Fammar. Ka ga 'ya'yanka, ka yafe, aka yafe maka. Malama Ramlatu ta ce kalmar shahada ce ƙarshen abin da ta ji daga bakinka, da nauyin harshe, amma a cike.

Ina cikin waɗanda suka karɓe ka a bakin kabari. Muka kwantar da kai a dama, kai a kudu, fuska a gabas. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan likkafani yana laluben gwiwarka zai lanƙwasa ba, sai da Alu ya riƙe ni ya raɗa mini, "Malam, bar shi haka. Yau yadda yake so ne."

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Shitu, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Duk numfashin da wani zai tsira da shi a injin nan saboda kwanciyar da ya yi mana, Ka sanya ladan a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Ramlatu, da 'ya'yansa Khalid da Zulaiha, da jama'ar Fammar, da abokan aikinsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar Asabar akwai gwaji kamar kullum. Alu ya ce shi zai kwanta. Na gyara dokar: a dama.

Munzali Ƙasimu Lausu