Yadda Na Mayar da Kawu Bakin Taga

Ana idar da sallar asuba ranar Alhamis motarmu ta bar tashar Kano, ni da ƙanwata, mun nufi Yola. Ita tana riƙe da jakar tsaraba, ni kuma na rungume kwamfutata a cinya, don ban yarda a saka ta bayan mota tare da buhunan albasa ba.

Dalilin tafiyar Kawu ne, yayan mahaifiyarmu. Shi ne dattijon manoman rani na wani yanki a bakin tafkin Njuwa, inda mutum kusan talatin ke amfani da injin ban-ruwa guda ɗaya. Duk mako shi ke zama ya raba musu lokaci, wane da safe, wane da yamma, gwargwadon yawan fangalin kowa, wato ƙananan filayen da ake kewayewa da kunya don su riƙe ruwa. Yanzu ido ya yi rauni, hawan jini ya shigo, rigima kuma ba ta ƙarewa. Ni da bakina na ce masa a waya zan rubuta manhajar da za ta yi rabon, ya huta. Shi kuwa bai yi wata-wata ba ya shelanta wa manoma cewa 'yarsa malamar lissafi za ta zo ranar Asabar da maganin rigimarsu.

Abin da ban gaya masa ba shi ne wata huɗu kacal na yi ina koyon yaren kwamfutar da na rubuta manhajar da shi, Haskell. Yare ne mai tsantseni. Komai nasa lissafi ne tsantsa: ka ba shi lamba, ya mayar maka da amsa, ba ruwansa da duniyar waje. Rabon lokacin kam na gama shi tsaf, har ina yaba kaina. Amma da aka zo wajen ya tambayi mutum, ya karɓi amsa, nan muka fara faɗa. Sai na kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin, ba tambaya ba komai. In na gaji na buga lamba a makance, sai ga tambayar ta fito bayan amsa: "Fangali nawa?"

Daga Wudil zuwa Birnin Kudu na buɗe kwamfutar ya fi sau biyar. Ramukan hanya suka hana ni buga harafi ɗaya daidai. Wani ɗan kasuwa da ke gefena ya leƙa, ya ga baƙin allo, ya ba ni shawarar in kai gyara, yana da mutum a Gombe. A Gomben muka tsaya cin abinci, masa da miyar taushe mai kyau, amma ko ɗanɗanonta ban ji ba, ina zagayen neman inda zan yi caji. Ƙanwata ta cinye nata ta haɗa da rabin nawa. Duwatsun Kaltungo da kowa ke ɗauka a hoto, ni ta gefen ido na gan su. A Numan mata suka yanyame motar da soyayyen kifi, manya-manya, da araha da za ta sa Bakano ya yi zargi. Nan ne kaɗai na rufe kwamfuta don kaina.

Mun shiga Jimeta gab da magariba, zafi ya tarbe mu tun daga tasha. Mai keken da ya kai mu Gwadabawa, unguwar Kawu, ya dube ni da hijabina ya ce, "Hajiya, kai ne baƙo ko?" Ƙanwata ta kusa faɗowa don dariya. Kafin mu bar garin mun saba, a nan mace da namiji duk "kai" ne a bakin mutane da yawa. Goggo, matar Kawu, ta ajiye mana kunun gyaɗa mai kauri da dakkere da nono. Kawu ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna jakata da sanda ya ce, "Ita ce wannan?" Na ce ita ce.

Ranar Juma'a da hantsi na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na zauna a tabarma, na koma kujera, na fita tsakar gida, na dawo. Kawu ya gaji da kallona ya ce in gaya masa abin da ke ci na. Na yi masa bayani iya yadda zan iya, ina jiran ya ce bai gane ba. Sai ya yi murmushi ya fara ba ni labarin aikinsa na farko, zamanin Jihar Arewa maso Gabas, lokacin da komai sai an rubuta wa Maiduguri. Shi akawun taga ne. Akawunan ciki ba sa magana da jama'a ko kaɗan, takarda kawai suke gani, shi ne mai karɓa ya miƙa ciki, ya karɓo ya miƙa waje. Akwai kuma wani dattijon masinja da ba ya tashi daga bencinsa sai tiren wasiƙu ya cika, ko da kuwa wasiƙar gaggawa ce a ƙasa.

"Ki duba da kyau," in ji shi, "ƙila tambayar taki tana cikin tire."

Wallahi haka abin yake. Na bincika a wayata, na ga kwamfuta kan tara rubutu a wani ma'aji, ba ta fitar da shi sai layi ya cika. Umarni ɗaya na ƙara, mai cewa a fitar yanzu-yanzu, tambaya ta fito ɓaro-ɓaro a allo. Na yi ihu har Goggo ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Na ji daɗi, na kuma ji kunya, kwana goma ina fama da abin da tsoho ya gano yana sakace.

Asabar da safe muka tafi Njuwa. Wurin ya yi kore shar, ga shinkafa, ga alayyafo da latas, masunta suna can nesa a kwalekwale. Manoma suka taru ƙarƙashin wata bishiya, Fulani da Hausawa da wasu Bachama biyu, ana gaisawa da Fulatanci ana ƙarasawa da Hausa. Don in nuna ba hannun kowa a rabon, na ce duk abin da mutum ya faɗa shi zan buga, ba ƙari ba ragi. Na farko ya ce takwas. Na biyu ya ce sha biyu. Har na fara gyara zama. Na uku, wani dogon mutum mai malafa, ya ce, "Shida, amma biyu na ƙanina ne da ya tafi Garwa, ɗaya kuma ruwa ya ci rabinsa."

Na san lamba manhajar ke jira, amma idon mutum talatin na kaina, ga alkawarin da na yi yanzu-yanzu. Na buga maganarsa yadda ya faɗa. Manhajar ta tofar da layi ɗaya na Turanci ta mutu, ta tafi da takwas ɗin da sha biyun. Ban taɓa tunanin abin da za ta yi in an ba ta abin da ba lamba ba, don ni kaɗai na taɓa amsa mata. Wani daga baya ya ce, "Injin ya suma ne?" Aka fashe da dariya. Ban iya ɗaga kai na kalli Kawu ba.

Sai na ji ƙarar jan kujera. Kawu ya ajiye ta tsakanina da mutane, ya zauna, ya jingine sandarsa, ya ce kowa ya bi layi. Ya saurari mai malafa har ya gama, ya tambaye shi wa ke noma na ƙanin bana, ya tambayi maƙwabcinsa ko gaskiya ne ruwa ya ci, sannan ya waiwayo ya ce min, "Biyar." Haka muka yi har azahar. Wani yana da rantsuwa, wata tana da marayu, wani ya yi musayar fili da surukinsa, duk Kawu ya tace ya miƙo min lamba ɗaya. Jadawali ya fito, ba wanda ya yi gardama. Suka yi ta sa min albarka, ni kuwa na san wanda ya yi aikin.

Lahadi muka kamo hanyar gida. Wannan karon na ga duwatsun Kaltungo sosai, don na bar kwamfutar a Gwadabawa, 'yar Goggo da ke koyarwa a unguwar Karewa za ta riƙa bugawa. Abin da na koyo bai da yawa: lissafin da nake taƙama da shi ne mai sauƙin, sauraron mutum har a fitar da lamba daga maganarsa shi ne aikin, kuma ban rubuta ko layi ɗaya nasa ba.

Da muka iso Kano na kira Kawu in ba shi haƙuri, na je in sauke masa kaya na bar shi a kai. Ya ce in daina wannan magana, shi ya ji daɗin zaman. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ki hanzarta ki koya wa manhajar taki sauraro, 'yata. Jiya da ƙyar na gane fuskokin na ƙarshen layi."