Kawun Gareji, Wanda Ya Rufe wa Janaretonmu Baki

Kullum da safe, kafin ya taɓa sifana, Kawu sai ya zagaya motocin da aka kawo gareji, ya sa a tayar da kowace, ya karkata kai yana saurare. Haka ya yi har furfura ta cika masa kai. Yanzu gwiwa ta ce ya huta, ya bar wa ƙaninsa garejin, ni kuwa direban motar asibiti na ce wallahi sai na faɗi abin da ya yi mana!

Motar tamu tsohuwar bas ce, aka cire kujeru aka sa gado da fitilu da firijin magani. Duk janareto ne ke riƙe da su, yana ɗaure a baya. Amma ƙara fa! In ya tashi, har tagogi karkarwa suke. Ungozomarmu za ta ɗora abin sauraro a cikin mai juna biyu, ta kasa jin bugun zuciyar ɗan. Sai ta leƙo: "Direba, kashe abin nan!" A kashe, a tayar, a kashe, har alluran rigakafi suka lalace, aka fara zancen ajiye motar gaba ɗaya.

Na kai wa Kawu kukana. Ya shiga, ya dafa ƙasan motar, ya ce, "Ɗana, ai ba injin kaɗai ke ihu ba. Jikin motar ne ya zama ganga."

Ya yanka tsofaffin tayoyi ya shimfiɗa a ƙarƙashin janareton, ya ƙara masa salansar mota mai rage ƙara, ya gina masa akwati. Muka tayar, shiru kamar masallaci! Can sai janareton ya ɗau zafi ya mutu. Kawu ya kwashe da dariya: "Kai, na rufe masa baki na haɗa da hanci!" Ya huda hanyar iska, ya ɗaura fanka, ya karkata bututun hayaƙi nesa da taga.

Fitarmu ta farko, wata mata mai juna biyu ta zo tana kuka, tun jiya ɗan cikinta bai motsa ba. Janareto na aiki, fitilu a kunne, ungozoma ta sunkuya. Sai muka ji ta ɗaga murya: "Ga shi nan! Yana bugawa, ƙanwata, lafiyarsa ƙalau!" Ni da ke bakin ƙofa ban san lokacin da na yi tsalle ba.

Kawu, kai ne likitan ƙarfe. Matar nan ba ta san fuskarka ba, amma da hannunka aka share mata hawaye. Mun gode, Allah Ya ba ka lafiya. Ku kuma masu sana'a, in ƙaramin aiki ya zo hannunku, ku yi shi kamar Kawu, domin wataƙila ran wani ne ke jiransa.